Gindin Magaryar Inna Atu

"Sake zuba wani, Bube. Wancan bai gaya min komi ba."

Bube magini ya dubi Mannir, Mannir ya dubi sama. Ni kuwa ina tsaye a 'yar ƙofar da muka huda a katanga tsakanin gidana da nasu, hannuna duk man ƙuli-ƙuli, ina ta danne dariya. Inna Atu na zaune a tsakar gida kan kujera 'yar tsugunno, sandarta bisa cinya. Tun hantsi take sa ana kwarara ruwa a ƙasa, ita kuma tana bin sa da ido ta ga inda zai nufa.

Bube ya sake cika bokiti a duro ya juye. Ruwan ya bazu, ya ɗan tsaya, sannan ya rabu biyu. Mafi yawansa ya gangara gabas, ya shige rariyar gindin katanga ya fita lungu. Ragowar ya lallaɓa ta bayan ɗakinta, ya ratsa tsakanin zogale da lalle, ya kai gindin magarya, ƙasa ta shanye shi.

"To Inna, kin dai gani da idonki," in ji Bube. "Gidan ga gangare garai zuwa rariya. In munka cike bayan ɗaki da yashi munka karkato daɓen gabas, ko ɗigo ba ya kwana cikin gida."

"Shi gindin magaryar fa?"

"Shi ma a daɓe shi, Inna," Mannir ya karɓe. "Ai can kinka zame bara. Saboda wurin nan ma nika yin aikin ga duka."

Inna Atu ta kau da kai ta dubi kajinta. Mannir ɗanta ne na fari, shi ya sa ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma haɗa ido da shi in suna magana. "Na Sakkwato" take ce masa, don can yake aikin gwamnati. Daminar bara ta taka taɓo a bayan ɗakin nan ta zame, ta kwanta jinyar ƙugu har aka yi girbi. Tun ranar ya rantse wata damina ba za ta sake samun uwarsa tana taka laka a cikin gidanta ba. Da bazara ta kama sai ga motar yashi da tsakuwa a ƙofar gida, ga buhunan siminti an jera a zaure. Magini ne kaɗai ya bar mata ta zaɓa, ta kuwa aika Kebbe, garin haihuwarta, aka zo da Bube, jikan wata ƙawarta, wai maginan Tambuwal gaggawa gare su.

Ni na san abin da ke cin ta, don ta gaya mini tun ranar da aka juye yashin.

Sunana Nana, ni ke wankan mata in an yi rasuwa a unguwarmu. Ba sana'a ba ce, ƙuli-ƙuli ne sana'ata. Uwata ta yi, ta koya mini, in aka aiko sai in sauke kasko in wanke hannu in tafi. Ran nan bayan la'asar Inna Atu ta kira ni, ta ja ni bayan ɗakin, muka tsaya a inuwar magaryar.

"Nana, kin san wurin ga."

"Na san shi."

"Nan anka wanke uwar Malam maigidana. Nan anka wanke Malam. Da 'yan biyuna da ba su kai ga yaye ba. Kowa rami anka gina mashi, ruwanshi ya koma ƙasa, anka rufe." Ta caki ƙasar da sanda. "Shekarun baya na tai gaisuwar mutuwa birni, gidan wata ɗiyar ƙanwata. Gida tas, ko'ina siminti, ba inda za ki soka tsinke. Na fito shan iska ƙofar gida, sai nig ga ruwa na fitowa ta rariya, da ganyen magarya bisa kai. Yab bi kwata, yah haɗu da ruwan wanke-wanke da ɓawon rake. Wani ɗan kabu-kabu yab bi ta kai da babur yaw watsa shi. Matar nan, Nana, tun da take maƙwabci bai taɓa ganin gashin kanta ba. Ga ruwan jikinta cikin titi."

"Malamai dai ba su ce da laifi ba," na ce.

"Ni ma ban ce haramun na ba. Ba ni so dai."

"To ki gaya mashi mana. Ɗanki na, ba surukinki ba."

Ta dube ni sheƙeƙe. "In zaunar da na Sakkwato in gaya mashi yadda za a wanke ni? Da wane bakin? Yaron da in na yi tari sai ya turo min da magani cikin mota. Ke ma ban yarda ki gaya mashi ba."

To kun ji inda aka samo zubar da ruwan bokiti. Dabara take nema, wadda za ta sa a bar mata ƙasar nan ba tare da an ambaci mutuwa ba. Sai dai ruwan da ta kira shaida, shi ya fara kayar da ita.

Da ta ga haka sai ta koma kan lambu. Ta ce zogalenta da lallenta da ɗoɗɗoyarta ruwan bayan ɗakin suke sha, in an daɓe wurin mutuwa za su yi. Mannir ya ce wannan mai sauƙi ne. Za a yanka duro biyu a cika da taki a mayar da su ciki, a kusa da ƙofar ɗakinta ma, ba sai ta zagaya ba. Magarya kuwa dama ƙaya gare ta, kuma saiwarta fasa siminti za ta yi, gara a sare ta a dasa mata mangwaro a waje.

Da ya ce a sare, na ga yatsunta sun ƙanƙame sandar. Sai na ce to, bari in shiga, ai ba a kashe maƙwabciya ina tsaye.

Na gyara ɗaurin zane na tako tsakiyar gidan. "Mannir, ni fa ba a tambaye ni ba. Ruwan gidan ga in yaf fita rariya, ina yaka zuwa? Ba gindin katangata yaka duka ba? Yanzu ƙasa na shan rabi, ina samun rabi, duk da haka kowace shekara sai na yi yaɓe. Ku shafe ko'ina da siminti ku turo min shi duka, ranar da anka yi ruwa mai ƙarfi sai ku zo ku tono ni da kaskona. Ina haƙƙin maƙwabtaka?"

Ba ƙarya na yi ba, katangata ta ƙasa ce, kuma ruwan na cin ta. Na dai ƙara wa miyar gishiri.

Mannir ya russuna har ƙasa. "Gwaggo Nana, wallahi kin yi gaskiya, laifina na. Bube, in mun gama nan, ka ja kwata tun daga bakin rariya har babbar hanya, ka shafe gindin katangar Gwaggo da siminti har gwiwa."

Kun ji ɗan kirki mai ban haushi. Na zo da faɗa, ya sallame ni da alheri. Sai godiya na yi, na koma gida na tarar ƙulina ya ƙone.

Da yamma na leƙa ta. Tana tsinkar zogale a faranti, ba ta ɗago ba.

"Ke dai ba ki iya faɗa ba," ta ce.

"Ke kinka haife shi da ladabi, ni mi za ni yi?"

Ta yi 'yar dariya, amma ba ta kai ciki ba. "A bar shi, Nana. In Allah ya rubuta kwata, kwata za ni bi."

Saboda maganar nan, daren nan tuwo ma kasa ci na yi.

Washegari da sassafe aiki ya kankama. Bube da leburorinsa suka kwashe tarkacen tsakar gida, suka fito da turmi da randuna, suka kama sassabe tudu suna cike kwari. Ya kafa turaku yana ɗaura igiya daga wannan zuwa wancan, yana ɗora wani katako mai ɗigon ruwa a ciki yana kanne ido ɗaya. Inna Atu, wadda ko ɗinkin ƙwarya ake yi a gidan sai ta sa baki, ta shige ɗaki ta saki labule. Kokon da wata jikarta ta kai mata haka aka fito da shi.

Ina tsaye a ƙofata ina kallo har igiyar ta zagaya bayan ɗakin. Wani lebura ya jingina gatari a jikin magaryar ya tafi shan ruwa. Mannir na wurin, ya naɗe hannun riga, yana nuna inda za a fara zuba tsakuwa.

Na yi alkawari ba zan gaya masa ba. Amma ban yi alkawarin ba zan yi tambaya ba.

Na matsa kusa da shi, na rage murya. "Mannir, ni kam tsufa ya fara cin kaina. Tuna min, ranar da Malam yar rasu, ina anka wanke shi?"

Ya juyo da murmushi zai ba ni amsa, sai murmushin ya tsaya. Ya dubi ƙasar da yake tsaye a kai. Ya janye ƙafarsa ɗaya, sannan ya janye ɗayar.

"Nan," ya ce. "Ni nig gina ramin."

Daga can ana jin shebur na kankarar tsakuwa.

"Ita tac ce ki gaya min?"

"Ba ta ce komi ba. Ni ma ban ce komi ba, tambaya niy yi."

Ya zagaya bayan magaryar ya ba ni baya. Ya daɗe a haka. Na ga ya cire hula ya shafe fuska da ita ya mayar. Tausayinsa ya kama ni, don na san shi tun yana tatata, kuma na san duk simintin nan so yake ya toshe wa mutuwa hanya da shi.

Da ya fito sai ya ɗauke gatarin ya miƙa wa lebura, ya ɗaga murya yadda za a ji har cikin ɗaki.

"Bube, na sake shawara. Dibi indararon ɗakin Inna, nan yaka zuba. In munka rufe wurin ga, ruwan ya yi ma rariya yawa, kuma katangar Gwaggo Nana za ta sha wuya ko da kwata. A bar nan ƙasa, shi riƙa shanyewa. Itacen ma a bar shi."

"Amma yallaɓai, jiya kac ce..."

"Jiya na ce, yau ma na ce. Janye igiyar."

Bube ya ɗaga kafaɗa ya tuge turakun. Ba a jima ba labule ya motsa, muryar Inna Atu ta fito daga ciki, garau.

"Nana, ki ce ma na Sakkwato furarshi na nan cikin ƙwarya tana tsami. Mutum ya tsaya cikin rana tun safe kamar shi anka ɗauka aikin."

Daga ranar har ta bar duniya, ban taɓa jin ita da shi sun tayar da maganar ba.

Aiki kuwa ya yi kyau, ba zan rage wa Bube ba. Ya karkatar da daɓen daga bakin ɗakuna zuwa gabas, a hankali, yadda ƙafa ba ta ji amma ruwa ya sani. Ya faɗaɗa rariyar ya sa mata raga saboda ganye da ɓeraye. Kafin simintin ya sha iska ya ja tsintsiya a kansa ya yi masa kaushi, don kada tsohuwa ta sake zamewa. Wurin magaryar kuma Mannir da kansa ya ce a kewaye shi da bulo jeri ɗaya, "kada na waje ya shiga, kada na ciki ya fito." Bube ya ɗauka ruwan wanke-wanke ake nufi, ya ce dabara ce mai kyau, sabulu na kashe zogale. Ya kafa mata ƙarfe a jikin bango tun daga ƙofar ɗaki har can, abin dafawa. Ni ma na samu kwatata da gindin katanga, a banza, ladan faɗan da ban ci ba.

Bube ya kafa doka kada kowa ya taka sai ya bushe, ya shimfiɗa katako a bi ta kai. Da asuba Inna Atu ta fito da butarta, ta dubi katakon ta ga ba ta yarda da shi ba, ta bi ta kan ɗanyen siminti abinta har gindin magarya. Da gari ya waye ga sawun ƙafa ga ramukan sanda, a jere. Bube ya riƙe kai.

"Inna, aikin kwana nawa kinka ɓata min."

"Gidana na, ko naka?"

Ya kwaɓa siminti zai cike, Mannir ya ce a bar su.

Ruwan farko ya sauka wata ranar kasuwa da la'asar. Ina jin ƙamshin ƙasa na yar da abin da nake yi na ruga gidanta, muka zauna a bakin ƙofar ɗaki muna kallo. Ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Na tsakar gida ya tattaru ya miƙe gabas ya shige rariya, ba gardama. Na indararo ya sauka a gindin magarya ya taru ya yi 'yar tafki, muna kallo yana raguwa har ƙasa ta shanye. Da aka ɗauke, kafin a kira magariba tsakar gida ta bushe, sai sawayenta kawai ke riƙe da ruwa, 'yan tsaki na sha a ciki.

Ta miƙe ta taka daɓen da ƙafa ba takalmi, ta je ta dawo, ta sake zuwa.

"Ashe abin ga da daɗi," ta ce.

"Da kin bi ta taki, da har yau kina cikin laka."

"Da na bi ta na Sakkwato, da yanzu ina cikin duro da zogale."

Daminar nan ta ji daɗinta, ni shaida ce. Matan unguwa suka gano tsakar gidan Inna Atu ta fi ko'ina saurin shanya, sai ga su da kuɓewa da barkono da dusa, kowa na roƙon gefe. Ita kuma ta samu sarauta. Tana zaune da sanda tana raba wuri, tana korar kaji, tana karɓar labarin gari a matsayin la'ada. Wadda ta zo ba labari sai ta ce mata rana ta ƙare, ta dawo gobe. In hadari ya taso ka ji tana kiran sunayensu ta kan katanga ɗaya bayan ɗaya, mata na gudu da tabarmi da faifai. Da yamma kuwa ta dafa ƙarfenta ta zagaya bayan ɗaki, ta zauna kan bulon nan tana jan carbi, ƙafafunta a kan ƙasa.

Mannir na zuwa duk ƙarshen mako. Ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango. Sai ya zagaya ya duba rariya ko ta toshe, ya tsince ganyen da ya taru a raga, ya leƙa gindin magarya ya dawo.

Da gero ya fara nuna sai jikinta ya fara sanyi. Ba wani ciwo mai suna ba. Abinci ya ragu, barcin rana ya ƙaru, sandar ta yi mata nauyi. Mannir ya kai ta asibiti aka duba aka ba da magani, ta sha don kada ransa ya ɓaci. Aka aika Kebbe, ɗiyarta Khairiyya ta zo a bayan babur, don ruwa ya cinye hanya mota ba ta shiga, ta iso da jan taɓo har gwiwa. Uwar ta dube ta ta ce ta wanke ƙafa kafin ta taka mata daɓe.

Ruwa ya ɗauke, aka shiga kaka. Wata safiya ta ce a fito da ita waje. Muka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida muka jingina ta da matashi. Wani daga gonar Malam ya kawo sabon gero, Khairiyya ta gasa tumu ta murje mata a tafin hannu. Ta tauna 'yan ƙwayoyi ta daɗe tana juya su a baki.

"Geron bana ya yi zaƙi," ta ce. Da Khairiyya ta shiga madafa sai ta yafito ni. "Nana, ruwan ya zan da ɗumi. Kuma kada ki cika shi, na san ki da ɓarna."

"Wa yas sani ko ke za ki wanke ni?"

"Ni ban iya ba. Sai dai ki jira wata."

Muka yi dariya, har ta sa ta tari. Na riƙe hannunta, ba nauyi ko kaɗan. Na ce mata ta yafe mini, ta ce ba ta riƙe ni da komai ba sai faifanta da na ara tun azumi.

Ranar Asabar Mannir ya zo. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, ta ce ya shigo. Ya shiga ya zauna a ƙasa wajen ƙafafunta. Fuskarta na wajen bango.

"Na Sakkwato."

"Na'am, Inna."

"Daɓe ya yi kyau. Allah shi yi maka albarka."

"Amin, Inna."

"Duka da inda ba a daɓe ba."

Ya sunkuyar da kai. Bayan azahar, Khairiyya na tofa mata addu'a ina maimaita mata kalmar shahada, ta bi ni sau ɗaya a hankali, ta yi ajiyar zuciya, shi ke nan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na shafe mata ido na ɗaure haɓa.

Kafin in fito in ce a nemo mai gina rami, na tarar Mannir ya riga ya zagaya. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙarfen bango, yana durƙushe a gindin magarya da 'yar fartanyar uwarsa. Maza suka zo za su karɓa, ya girgiza kai. Ƙasar da ta sha ruwan indararo damina guda ba ta yi masa gardama ba. Da ya gama ya kewaye wurin da zana, ya ɗora ƙyauren da za a kwantar da ita a kan bakin ramin, ya gwada shi da hannu ya ga bai motsi, sannan ya fita zaure wurin maza.

Muka ɗauko ta ni da Khairiyya da wasu mata biyu, muka bi ta kan sawayenta. Na miƙa hannu na tsinko ganye daga magaryar da ke kanmu na murje a ruwa. Na taɓa ruwan da gwiwar hannu, da ɗumi. Khairiyya na zubawa da moɗa ina wankewa, na yi mata alwala, na fara da dama, a ƙarƙashin zane, yadda uwata ta koya mini. Ban cika ruwa ba. Duk moɗar da aka zuba ina jin saukarta a ramin, ƙasa na karɓa. Na ƙarshe muka sa kafur.

Na sha wanke mata a unguwar nan, amma ban taɓa yin wankan da raina ya kwanta kamar wannan ba. Ina hawaye, kuma zuciyata fari ƙal.

Aka sa ta a likkafani, maza suka shigo da makara. Kafin su ɗaga, Mannir ya koma bayan zana shi kaɗai. Ruwan ya riga ya shige, sai ganyen magarya kwance a gindin ramin. Ya mayar da ƙasar da hannunsa, ya daddanna ta da tafi har ta yi daidai, ya wanke hannu a buta a nan cikin kewayen bulon, sannan ya sa rigarsa ya kama makarar ta gaba.

Da suka fita gidan ya cika da mata, tabarmi har bakin madafa. Khairiyya ta ce in zauna in huta. Na ce ina zuwa.

Na bi ta 'yar ƙofata, na ratsa gidana, na fita lungu. Rana ta yi sanyi, ana jiyo sallar da ake yi mata a ƙofar gida. Na bi gindin katanga har inda rariyarta ke fitowa, na dafa gwiwa na sunkuya.

Bakin rariyar a bushe yake, kwatar ma haka. Tururuwa ne kawai suka yi layi ta cikin ragar suna fitowa daga gidan, kowace da ƙwayar sabon gero a baki.